Me Ke Ƙarƙashin Fulotin da Ka Saya?

Duk wanda ya taɓa sayen fuloti a Kano ko Kaduna ko Maiduguri ya san tambayoyin da ake yi kafin a biya kuɗi. Takardun na gaske ne? Babu rigimar gado a kansa? Titi ba zai bi ta ciki ba? Wuta ta iso? Da su wa za a yi maƙwabtaka? A kira mai unguwa da shaidu, a ja igiya a tabbatar ƙafa 50 ne a 100, a kafa duwatsun iyaka, a yi addu'a a watse. Tambaya ɗaya ce ba na jin ana yi, alhali a kanta ginin zai tsaya iya rayuwarsa: in aka nutsa mita biyu, mita biyar, mita goma a wurin nan, me za a tarar?

Kawuna ya gina gida a wata unguwa da ke bayan badala. Ranar da ake haƙa harsashi, wani dattijo da ke zaune a gindin bishiya ya taso ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, Allah ya sa albarka. Sai dai wurin nan kududdufi ne. Muna yara a nan muke kamun tarwaɗa." Kawu ya yi masa godiya, ya juya ya tambayi birkila. Birkila ya sara diga a ƙasa ta yi ƙara, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka." Gaskiya ya faɗa gwargwadon inda digarsa ta kai, domin masu filin sun shimfiɗa burji a sama kafin su yanka shi.

A damina ta huɗu ƙofar ɗakin baya ta fara ƙin rufuwa. Aka kira kafinta ya fere ta. Sai tsaga ta taso daga kusurwar taga tana bin layin bulo kamar matakala, ƙasanta siriri, samanta har yatsa na shiga. Aka cike da siminti aka shafa fenti, ta dawo. Ranar da aka ɗauko injiniya ya sa aka haƙa rami a gindin bangon ina tsaye a wurin. Da aka wuce burjin, wanda bai ma kai ƙugu ba, abin da lebura ya riƙa jefowa a shebur shi ne toka, leda, tsummoki, gutsuren silifa, daga nan sai baƙin taɓo mai wari, wanda in ka danƙa yake tsiyayowa ta tsakanin yatsu. A kan wannan aka ɗora gidan da ya cinye kuɗin sallamar mutum na aikin shekara talatin da biyar.

Nauyin rufi kan bango ko ginshiƙi yake sauka, na ginshiƙi kan harsashi, na harsashi kan ƙasa, ita kuwa ba ta da wanda za ta miƙa wa. Kankaren da ya cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi ya kai tan 2.4. Mu ɗauka ginshiƙi ɗaya na bene mai hawa uku yana ɗauke da tan 60. In ƙasar wurin tana iya jure tan 20 a kowane murabba'in mita, gindin ginshiƙin na buƙatar faɗin murabba'in mita 3. In taɓo ne mai laushi da bai wuce ya jure tan 6 ba, sai an ba shi murabba'in mita 10, wato sama da mita 3 ta kowane gefe. Amma je ka wuraren gini ka gani: ramin ƙafa huɗu a huɗu ake haƙa wa ginshiƙi, ko a kan marmara ne ko a bakin fadama, saboda shi hannu ya saba. Wannan ramin kuwa tan 40 yake ɗora wa kowane murabba'in mita.

Ƙasar da kaya ya fi ƙarfinta iri biyu take gazawa. Ko ta zame daga ƙarƙashin harsashi lokaci guda gini ya kife, ko ta riƙa lotsawa a hankali. Na biyun ya fi yawa, kuma lotsawar ba ita ce babbar illa ba in da gidan zai sauka gaba ɗaya daidai wa daida. Illar tana zuwa ne in kusurwa ɗaya ta sauka santimita 5 ɗayar tana nan inda take, domin bulo da kankare ba sa lanƙwasa, sai dai su dare. Injiniyan nan Karl Terzaghi, wanda littafinsa na 1925 ya kafa wannan fannin ilimi, shi ya bayyana abin da ya sa laka ke jinkirta hukuncinta. Laka kamar soso take, cike da ruwa a ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. In aka ɗora mata nauyi, ruwan ne ke fara tallafe shi, sannan ya riƙa tsatsa yana fita, ita kuma tana motsewa. A yashi ana gama wannan kafin a gama gini. A laka mai kauri yana iya ɗaukar shekaru. Shi ya sa gidan Kawu ya yi damina uku lafiya lau.

Wani zai ce kakanninmu sun gina Kano da Zazzau da Katsina ba su haƙa ramin gwaji ko ɗaya ba. Haka ne. Sai dai ginin tubali gindinsa faɗi gare shi, yana sirancewa yana hawa, nauyinsa a baje yake a tsawon bango, in ya tsage kuma yaɓen bana ya rufe. Magina na gado ne, sun san ƙasar garinsu taku-taku. Kududdufan ma su suka haƙa su wajen ɗibar ƙasar gini, kuma sun bar su suna shanye ruwan sama, ba su gina a kansu ba. Mu ne muka canja kayan gini zuwa masu nauyi da taurin kai, muka tara nauyin a kan ginshiƙai, muka hau sama, sannan muka cike kududdufan da shara muka yanka su fuloti.

Binciken ƙasa na gaskiya ba da inji yake farawa ba. Da ƙafa yake farawa, da tambaya. Injiniyan da ya san aikinsa zai zaga unguwar ya dubi katangun maƙwabta ko akwai tsaga, ya leƙa rijiyoyi ya ga inda ruwa ya tsaya, ya nemi tsohuwar taswira da tsofaffin hotunan sama, ya zauna da mahaƙan rijiya da dattawan wurin. Maganar dattijon nan na gindin bishiya ta fi duk wani awo da aka yi a gidan Kawu daraja, kuma kyauta aka ba da ita. Bayan haka sai ramin gwaji, wanda ake haƙa da hannu ko da katafila zuwa mita 2 ko 3, a ga jerin ƙasar da ido. Ga gida mai hawa ɗaya a kan ƙasar da aka sani, sau da yawa wannan ya wadatar.

Bene kuwa sai an huda. Dalili shi ne nauyi ba ya tsayawa a daidai gindin harsashi, yana ratsawa ƙasa zuwa zurfin da ya kai faɗin harsashin sau ɗaya da rabi ko sau biyu. Harsashi mai faɗin mita 1 ƙasar mita 2 ta dame shi. Wanda aka shimfiɗa wa gini gaba ɗaya mai faɗin mita 20, abin da ke mita 30 ma ya shafe shi. A watan Oktoban 1913 an cika wani katafaren rumbun hatsi na kankare a Transcona, kusa da birnin Winnipeg na Kanada, da alkama sama da tan dubu 20. Kafin a gina shi an gwada ƙarfin ƙasar a daidai inda harsashi zai zauna, ta nuna za ta iya. Cikin yini guda rumbun ya jirkice har digiri 27, bai fashe ba, ya kwanta ne kawai kamar jirgin ruwa. Shekaru bayan haka da aka huda ƙasa sosai aka ga cewa a ƙarƙashin laka mai ƙarfin da aka gwada akwai wata mai laushi, kuma nauyin rumbun ya kai gare ta. Digar birkilan Kawu da gwajin Transcona kuskure ɗaya suka yi.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka mai haƙa burtsatse zai iya wannan aiki. Mai burtsatse ruwa yake nema, yana niƙe ƙasa da dutse ya wanko su waje da iska ko ruwan laka, abin da ya fito a cakuɗe yake. Mai binciken ƙasa kuwa ƙasar ce hajarsa, yana so ya fito da ita yadda Allah ya ajiye ta. Injin da aka fi gani a wuraren gininmu wani ƙarfe ne mai ƙafa uku, da igiyar ƙarfe da ke ɗaga wani bututu mai nauyi ta sake shi, yana cizon ƙasa kaɗan-kaɗan. Duk bayan mita ɗaya da rabi ko makamancin haka sai a tsaya a yi gwajin ƙirga bugu. Ana zura wani siririn bututu mai rabewa biyu zuwa ƙasan ramin, a ɗaga guduma mai kilo 63.5 zuwa santimita 76 a sake ta. An riga an ja layi uku da alli a jikin sandar, kowane santimita 15. Na farko ba a lissafa shi, domin haƙa ya dagula wurin. Bugun da aka yi kafin sauran biyun su shige, shi ne lambar da ake rubutawa. A yashi, ƙasa da bugu 10 na nufin sako-sako ne, 10 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 ya danƙaru, in aka haura 50 sanda ta ƙi shiga an kai wuri mai tauri ƙwarai.

Na taɓa tsayawa ina kallon wannan ƙirga. Har mita 4 guduma na dukan ƙarfe sau ashirin da wani abu, masu aiki na hira. A mita 6 bugu uku kacal aka yi layin alli ya ɓace. Hira ta tsaya, mai kula da injin ya ce wa yaronsa, "Kai, ɗauko bututun samfuri." Suka danna wani bututu mai kaifin baki, suka zaro shi cike da laka mai ruwan toka, suka narka kaki suka toshe bakinsa biyu don kada damshinta ya fita, suka rubuta lambar rami da zurfi a jiki. Daga sama babu abin da zai gaya maka akwai wannan laka a wurin, ƙasa ce ja mai tauri da ciyawa a kai.

A ɗakin gwaje-gwaje ake ƙarasa magana. Ana busar da samfuri a tanda mai zafin digiri 105 a san yawan ruwansa, a tankaɗe shi a jerin rariya a raba tsakuwa da yashi da gari. Akwai gwajin da masanin nan ɗan Suwidin, Albert Atterberg, ya fito da shi a 1911, wanda duk mai ginin tukwane zai gane: a murza laka a tafin hannu ta zama zare mai kaurin milimita 3, a ga a wane damshi take fara karyewa, sannan a ga a wane damshi take zama kamar kunu. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ke nuna ko laka ce mai kumburi. Wani samfurin kuma a matse shi har ya fashe a san ƙarfinsa, wani a ɗora masa nauyi ana ninkawa kullum har sati ɗaya ko biyu ana auna motsewarsa. Don haka duk wanda ya huda maka ƙasa yau ya kawo cikakken rahoto gobe da safe, akwai abin da bai yi ba. A wurare masu taɓo da yashi irin su Legas da Fatakwal ana haɗawa da wani gwajin da aka ƙirƙiro a Holan cikin shekarun 1930, inda ake tura ƙarfe mai tsini cikin ƙasa santimita 2 a daƙiƙa ana karanta turjiyarta ba yankewa.

Ƙasar arewa ba iri ɗaya ba ce, kuma abin da ake tsoro a nan ba shi ake tsoro a can ba. Kano da Kaduna da Abuja a kan tsohon dutse suke, wanda samansa ya rube ya zama jar ƙasa da marmara, galibi masu ɗaukar kaya. Tarkonsu shi ne ɓawon marmara mai tauri da laka mai laushi a ƙarƙashinsa, da kuma ƙaton dutsen da ke zaune shi kaɗai cikin ƙasa, mai haƙa ya ci karo da shi ya ɗauka ya kai asalin shimfiɗar dutsen. Shi ya sa ake yanka cikin dutsen kimanin mita 3 a tabbatar. A Jos akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza. A yankin Sakkwato akwai laka mai ɗauke da sinadarin da ke cin kankare a hankali in ruwa ya haɗa su, sai an zaɓi siminti da kwaɓin da suka dace.

Wadda ta fi ba ni tausayin masu ƙaramin ƙarfi ita ce baƙar lakar gabas, wadda a Barno ake kira firgi. Ta mamaye filayen Dikwa da Marte da Ngala inda ake noman masakwa, akwai ta a Numan, ta tsallaka arewacin Kamaru da Chadi, ita ce kuma ƙasar Jazira da Gadarif a Sudan inda Hausawa da yawa ke zaune. Da rani tana darewa har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura da ƙarfin da ke ɗaga daɓen ɗaki. Ita ba nauyi ne ke ba ta wahala ba, ita ke ture gini sama. Saboda haka ƙaramin gida da katanga da ajin makaranta sun fi bene shan wuya a kanta, don ba su da nauyin danne ta. Maganinta ya danganta da kaurinta, wanda sai an haƙa ake sani: a kwashe ta a zuba burji, ko a sauke harsashi ƙasa da inda damshi ke canjawa, ko a zuba harsashi guda mai ƙarfi kamar tabarma. Sannan a yi daɓe a kewaye gidan, a nisanta sokawe da bututun ruwa da bishiyoyi irin su darbejiya daga jikin bango, domin saiwarsu na tsotse ruwan gefe ɗaya.

Ruwan ƙasa ma shaida ne da ke canja magana. Ramin da aka haƙa a watan Maris ya fito a bushe yana iya cika a watan Agusta, ƙasar da ta jiƙa kuwa ƙarfinta ya ragu. Rahoto nagari yana faɗin ranar da aka auna ruwan.

Ba kowane gini da ya rufta ne laifin ƙasa ba, kuma ba na so a fahimce ni haka. Rodi siriri, kwaɓin da aka tauye wa siminti, cire katakon dakin, wato rufin kankare, tun bai bushe ba, duk suna kisa. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya hallaka mutum sama da 40, jami'an jihar sun ce izinin hawa 15 aka bayar. Abin da ya haɗa wannan da zancenmu shi ne lissafin harsashi da na ƙasa a kan wani nauyi ƙayyadadde ake yin su. Al'adar nan ta "bari mu ƙara hawa ɗaya tunda kuɗi sun samu" tana rushe lissafin gaba ɗaya. Bambancin kuskuren ƙasa da sauran kurakurai kuwa shi ne rufin da ke yoyo ana sauya shi, harsashi kuwa gida na zaune a kansa. Hasumiyar Pisa ta Italiya da aka fara a 1173 ta soma karkata tun ana hawa na uku. Sai da aka rufe ta daga 1990 zuwa 2001, ƙwararru na zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ɓangaren arewa, kafin aka rage karkatar da ƙasa da rabin mita.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, hukumar COREN na yi wa injiniyoyi rajista tun 1970, hukumomin tsara birane a Legas da Abuja suna neman rahoton gwajin ƙasa kafin su ba da izinin ginin bene. Abin da ke ɓata lamarin shi ne rahoton ya zama takardar cike fayil. Akan ɗauko na wani fili a sauya suna da adireshi, a buga hatimi. Mai gini ya ga ya yi araha, alhali kuɗin binciken gaske a yawancin ayyuka bai kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin ba, bai kai na tayil ɗin falo ba.

Mai fili ba sai ya zama injiniya zai kare kansa ba. Ya je wurin ranar haƙa ya ga injin da idonsa, ya tsaya a ƙirga sandunan da aka zaro a san zurfin gaske. Rami ɗaya ɗan wurin da ya huda kawai yake ba da labari, faɗinsa bai wuce na faranti ba, don haka ga bene ana so a yi aƙalla uku da ba a layi ɗaya suke ba, a ga ta inda shimfiɗar ƙasar ta karkata. Ƙa'idar Turai ta sa tazarar mita 15 zuwa 40 tsakanin ramuka ga manyan gine-gine, filin da ake zargin cikau ne kuwa ya fi buƙatar a matso da su. A cikin rahoton ya nemi taswirar da ta nuna inda kowane rami yake, da jerin ƙasar kowane rami da lambobin bugunsa, da zurfin ruwa, da irin harsashin da aka ba da shawara da zurfinsa, da suna da lambar rajistar wanda ya sa hannu. Sannan ya tabbatar rahoton ya isa hannun mai zana ƙarfen ginin kafin ya zana, domin na sha ganin an gama zane, an ma fara haƙa, sannan a aika neman rahoto.

Ɗakuna biyu na baya aka rushe a gidan Kawu. Sauran aka yi musu tallafi, ana haƙa ƙarƙashin harsashi gaɓa-gaɓa ana zuba kankare har inda aka sami ƙasar asali, iyalinsa na zaune a gidan haya wata biyar. Bara da aka fara kawo bulo a filin da ke gefensa, inda dattijon nan ya ce nan ne tsakiyar kududdufin, Kawu ya ɗauki hotunan ramin ya je ya sami mai filin, ya ce, "Ɗana, zo ka ga abin da na tarar." Yaron ya dakatar da aiki sati uku aka huda wuri uku. Shara ta kai mita 4 a ramin tsakiya, taɓo na biye da ita. Benen da ya yi niyya mai hawa uku ya koma hawa ɗaya, a kan turakun kankare da suka ratsa sharar suka zauna a ƙasa mai tauri.